Rabin Maki a Azumin Bazara

Raguna uku na turke, buhun wake biyu, da kwana talatin na azumi a tsakiyar bazara. Abin da na zuba ke nan. Abin da nake nema da su kuwa rabin maki ne, ba ɗaya cikakke ba. Idan aka same shi, ɗiyata ta fari za ta tafi ƙasar waje karatun lafiyar dabbobi na shekara biyu, a aljihun waɗanda suka ba ta bursu, wato tallafin karatu. Idan ba a samu ba, a miƙa gurbinta ga na bayanta a layi, ni kuma in zauna da turaku uku babu abin ɗaurewa.

Hadarin wannan makon ne ya tuno mini. Kullum da la'asar sai ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya turo iska mai ƙamshin ƙasa, sannan ya watse. Bana azumi ya wuce kafin zafi ya kankama, amma duk da haka na ji samari a kasuwa suna kukan ƙishirwa, ga ƙanƙara a kowace kwana. Wancan azumin, yau shekara bakwai ko takwas, shi ya faɗo daidai lokacin da hadari ke irin wannan yaudarar.

Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro. Da riƙon igiya na fara, ban gaji ko akuya ba, ban shiga lakwal na yi boko ba. Amma lissafi ba a cuce ni a kansa, kuma abin da ya sa na yi kuskuren farko ke nan.

Saura kwana huɗu a kama azumi takardar sakamakon ta iso. Jarrabawar Ingilishi ce da ake yi wa duk mai son karatu a waɗancan ƙasashen, sai an yi tafiyar kwana biyu a mota an ƙetare iyaka kafin a kai inda ake yin ta. Ƴar Inna ta durƙusa ta ajiye takardar a gefen tabarmata. Haka muke kiran ta, don mahaifiyata, Inna, ita ta ɗauke ta tun daga yaye. Ƴar fari ce, ban taɓa faɗin sunanta ba, ban kuma taɓa zama da ita mun yi hira ba. Idan ina da magana, Inna nake gaya wa. Idan tana da magana, ta wurin Inna take biyowa. Haka na taras ana yi, haka na yi.

Ta nuna mini gidaje huɗu a takardar da ɗan yatsa, kanta a ƙasa. Saurare bakwai. Karatu bakwai da rabi. Rubutu shida. Magana biyar da rabi. Na tambaya nawa ake so, ta ce shida da rabi. Kafin ta rufe baki na haɗa: ashirin da shida, a raba huɗu, shida da rabi cif. Na miƙe na sa hula. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ni kuma ban tsaya ba. Ranar na raba goro a rumfar dillalai tun daga hantsi har azahar.

Da la'asar Mushe Garba ya same ni. Tsaran haihuwata ne, shi ke koyar da Ingilishi a lise, babbar makarantar sakandare, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar kowane malamin boko, kuma Inna ce ta aika a kira shi. Ya zauna ya cire gilashi ya ce, "Isa, goron wa kake rabawa?"

"Na ƴar Inna. Ta ci."

"Ba ta ci ba."

"Mushe, ka koya mini Ingilishi in kana so, amma kada ka koya mini raba ashirin da shida gida huɗu."

"Lissafinka daidai ne. Mwayen ɗinta, wato abin da ka samu da ka raba huɗu, ya kai. Amma akwai layi guda ƙasan takardar masu bursu: kada ko gida ɗaya ya gaza shida. Magana ta gaza da rabi."

Na san wannan ciniki. Akwai mai saye da zai ɗauki garke a dunƙule, mai ƙiba ya rufa wa ramamme asiri. Akwai kuma wanda zai ce maka yana son goma, amma kada a sa masa ko ɗaya da ƙashin bayansa ya fito. Irin wannan ko tara sun yi kamar shanu, saboda na goman zai mayar maka da su duka. Waɗannan mutanen irin na biyu ne.

Na ce, "To me ya hana ta gaya mini tun da safe?"

Mushe ya mayar da gilashinsa ya dube ni. "Abin da ya hana ta gaya maka, shi ya hana ta cin jarrabawar."

Ya zayyana mini yadda ake auna abin. Saurare da karatu ƙidaya ce, tambaya arba'in-arba'in, wadda ka samu naka ne, wadda ka faɗi ba a cire maka komai, babu gardama. Rubutu da magana kuwa kimantawa ce, mutum ne ke zama ya auna. A magana wuri huɗu yake dubawa: ko zancen na tafiya ba tsaye-tsaye, ko kalmomin suna da yawa kuma sun dace, ko ginin jimla ya tsaya, ko furucin na fita a gane. Na ce kamar yadda nake taɓa rago ke nan, haƙori, ƙirji, haƙarƙari, gindin wutsiya. Ya ce haka ne, sai dai kai ragon yana gabanka, shi kuwa mai jarrabawa ba ya kimanta abin da bai ji ba. Ana miƙa wa mutum kati da batu a kai, a ba shi minti ɗaya ya yi tunani, sannan ya yi ta magana har minti biyu. Wanda ya yi wa ƴar Inna dattijo ne mai furfura. Ta gaishe shi da ladabi, ta sunkuyar da kai, ta amsa kowace tambaya a taƙaice kamar yadda aka hore ta, a katin kuma ta yi jimla huɗu ta tsaya tana jiran ya ba ta izini.

"Ba a ba da maki don kallon ido," in ji Mushe. "Amma muryar da ta shige mayafi ba ta kai ga na'urar ɗaukar magana. Yarinyar nan ta fi ni Ingilishi a takarda. Bakinta ne ba ya buɗewa gaban babba."

Akwai zama guda da ya rage, kwana biyar bayan ƙaramar salla, kuma sakamakonsa zai fito dab da rufe karɓar takardu. Ba a sake gida ɗaya a lokacin, sai dukan huɗun, da sabon biya.

Shekarar ba ta sayar da dabba ba ce. Daminar baya ta yanke da wuri, rumbunmu ya kusa ƙasa, tiyar hatsi kullum sai ta ƙara kuɗi. Makiyaya suna ta gangarowa daga arewa da dabbobi ƙashi da fata, kowa na son sayarwa, babu mai son saye. Ragunan nan uku kuwa na babbar salla nake turkewa, wata huɗu ina raba dusa da su kamar ƴaƴa. Na fitar da su ranar kasuwa ta farko a azumi. Agali, wani makiyayin Tagris da na daɗe ina sayar masa da dabbobi, ya gan ni riƙe da igiyarsu, ya gyara rawani ya ce, "Isa, rana ta taɓa ka? Mu da yunwa ta koro muna sayarwa, kai wa ya koro ka?"

Na ce, "Rabin maki."

"Ana cin shi da miya?"

"Idan ya nuna zan aiko maka."

Na sayar da su ƙasa da abin da na san za su kai nan da wata uku, na ƙara da waken. Ban yi baƙin ciki ba, don na riga na yanke.

Saura gyaran bakin. Mushe yana da aji, sau biyu a mako kawai zai iya zuwa, kuma ya ce da shi ba ta jin nauyi sosai, malaminta ne tun tana ƙarama. Wanda ake bukata shi ne mutumin da ta fi jin nauyinsa a duniya. Ya faɗi haka yana kallona.

Na ce, "Ni ko kalma ɗaya ba na ji."

"Ba sai ka ji ba. Kai da ke gane mai ƙarya a ciniki tun bai gama sallama ba, ba za ka gane inda zance ya tsaya ba?"

Ga yadda kwanakin suka riƙa tafiya. Bayan asuba matan gida su jera jarkoki a layin pampo, wata rana ruwan ya zo, wata rana sai an bi amalanken jaki an saya. Ni in fita kasuwa kafin ƙasa ta ɗau zafi. Kafin azahar yashi na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, iska na busowa kamar daga bakin tanda, awaki na cin takarda a bola. Daga azahar gari ya mutu. Kowa ya nemi inuwa ya jiƙa zane ya lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Ruwan randa ma ɗumi yake yi. Ƴar Inna ta kwanta rub da ciki a ɗakin Inna da littattafanta. Na hana ta ɓata lokaci a kan karatu, na ce wannan gidan ya ƙoshi. A shekarar da harawa ta yi kaɗan ba mai ƙiba nake ƙara wa ba. Rubutu awa ɗaya, don shidan nan a bakin gaɓa take, sauran ƙarfin duka a kai wa magana.

Bayan la'asar na zaɓa, da gangan. Lokacin ne miyau ke ƙafewa, harshe ya yi nauyi kamar fata. Na ce wadda ta iya minti biyu da busasshen baki, ranar jarrabawa da ruwa a cikinta wasa za ta yi. Na shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, na ajiye wayar salula don auna lokaci, da ƙwallayen aduwa a hannu da kwanon sha a gabana. Duk inda ta tsaya ko ta yi ta jan "eee", in jefa ƙwallo ɗaya a kwano.

Ranar farko ta durƙusa can nesa, ta ba ni gefe. Na ce, "A gaya mini yadda ake haƙa rijiya." Ko a nan ban iya cewa "ki" ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a, ƙwallo goma sha ɗaya suka shiga kwano kafin minti ɗaya, sannan ta yi tsit. Ni ma gumin da ke karyo mini ba na zafi ba ne kaɗai. Shekara ashirin da biyar ban taɓa kallon fuskarta na daɗe haka ba. A ranar na lura tana da ɗan tabo a haɓa, ban san inda ta samo shi ba.

Inna na zaune bakin ƙofarta tana tsinkar zogale, ta ce, "Isa, wannan wace irin rashin ta-ido ce? A gidan wa ka ga uba ya tasa ƴar fari gaba yana hira? Mutane su ji su ce me?"

"Inna, raguna uku na sayar."

"Ko raƙuma ka sayar. Kunya ba a kasuwa na sayo mata ita ba."

Mako guda muna haka, ba ci gaba. Sai a rana ta takwas ta zo ta zuba zance tiryan-tiryan, minti biyu cur, ba ƙwallo ko ɗaya. Uwarta har ta leƙo daga madafa tana murmushi. Ni kuwa na juye ƙwallayen duka cikin kwano. Na ce wannan hadda ce. Na san muryar mai tallan da ya haddace yabon dabbarsa tun daga gida, sautin ba ya hawa ba ya sauka. Da Mushe ya zo ya ce na yi daidai, masu jarrabawar an koya musu gane hadda, kuma ba sa ba ta maki. Daga ranar na daina faɗin batu tun da wuri. Sai ta zauna in jefo: amalanke, ranar da aka yi miki allura, abin da ya fi ba ki haushi a kasuwa. Idan ta gama in ce, "Don me?" Ta amsa, in sake cewa, "Don me?" Ƙwallayen suka koma tara, goma.

Inna ce ta warware abin. Ran sha biyu ga azumi, ana saura kaɗan a sha ruwa, ƙamshin kunun tsamiya ya cika gida, kunun da a shekarar ake ganin gindin kwano ta cikinsa. Ƴar Inna ta tsaya a tsakiyar zance, hawaye suka zubo mata. Inna ta ajiye faifai, ta taso da sandarta, ta zo ta zauna a tabarmata, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce mini, "Idan ba ta iya ba, shi ke nan ba za ta tafi ba?"

"Shi ke nan."

"Wata za a ba?"

"Wata ko wani."

Ta juya wurin jikarta. "Ke. Ni na ce ki riƙa sunkuyar da kai, ko ba ni ba?"

"Ke ce, Inna."

"To ni na ɗaura, ni na kwance. Ɗaga kanki ki dubi wannan baƙin dillalin, ki gaya masa duk abin da kika ga dama da yaren da ba ya ji. Ki zage shi ma in kina so, ni na ba ki."

Dariya ta kuɓuce wa yarinyar cikin kuka. Ta share fuska, ta dube ni, ta fara. Ban san abin da ta ce ba har yau, amma na ji "Baba" sau uku a ciki, kuma Inna na ta gyaɗa kai kamar tana fahimta. Ƙwallo shida.

Daga nan Inna ta karɓe kwanon, ta ce hannuna na da sauri. Muka koma mu biyu muna yi mata tambaya, wani lokaci mu kira duk dattijon da ya zo wucewa mu zaunar da shi. Agali ma ya taɓa faɗawa hannunmu, ya zauna minti biyu ana yi masa Ingilishi a kan raƙumi, da aka gama ya ce shi dai ya yarda da duk abin da ta faɗa.

Ran ashirin da shida hadarin ya daina wasa. Tana tsakiyar bayani a kan abincin da ta fi so sai iska ta taso, ta yaye zanan rumfa, kwanoni suka bi tsakar gida suna ƙara, uwarta na kiran a kwashe shanya. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu, mai nauyi, mai ɗumi. Na ɗaga ido in ce a tashi, sai na ga ba ta tsaya ba. Ta ɗaga murya sama da iskar, ruwa na bin fuskarta, tana kaɗa hannu kamar mai ciniki. Na rufe salula da hula na zauna. Da lokaci ya cika Inna ta leƙa kwano ta ce uku ne, ɗaya ma tsawa ce ta jawo shi. Ba ta taɓa sauka ƙasa da ukun nan ba, kuma Mushe ya ce kada mu damu, wanda aka haifa da harshen ma yana tsayawa ya yi tunani.

Washegari duk gari ya fita shuka da bakin azumi. Muka tafi gonarmu ta hanyar Kornaka, ina sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Aka yi salla, ta hau mota da ƙanen uwarta, ta yi jarrabawa ta dawo. Na tambayi Inna yadda aka yi, Inna ta ce, "Ga ta nan, tambaye ta." Ta ce wata mata ce ta yi mata wannan karon, kuma sai da matar ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

Ruwa kuwa ya ɗauke. Hatsin da ya tsiro ya yi kwana ashirin yana jira, ya murɗe, ya ƙone. Da aka sake yin ruwa muka koma maimaita shuka da ɗan irin da ya rage. Muna cikin wannan aikin, kwana goma sha uku bayan jarrabawar, na hango ta tafe a kan kunya da salula a hannu, ba gudu take ba, ba kuma sanɗa ba. Ta tsaya a gabana, a tsaye.

"Baba, saurare bakwai. Karatu bakwai. Rubutu shida. Magana shida."

Na haɗa. Ashirin da shida. Na sake haɗawa. Ashirin da shida dai, kamar na farko, ko ƙwaya ba ta ƙaru ba. Karatun da na hana ta kula da shi ya sauke rabi, maganar ta ɗauka.

Na ce, "Babu wanda ya gaza shida?"

"Babu."

Na kafa sungumi a ƙasa. Uwarta na can ƙarshen gona, Inna na ƙarƙashin gawo tana tsaron ruwan sha. Na buɗe murya yadda na gonakin maƙwabta za su ji, na ce, "Hadiza ta ci!" Inna ta toshe kunnuwa da hannu biyu, tana dariya da bakinta mara haƙori.

Agali bai bar ni ba. Da ya ji lissafin ya ce, "Wato raguna uku ka sayar don a ɗauke rabin maki daga wannan ɗaki a kai wancan ɗaki? Ko jakina ya fi ka ciniki." Na ce masa ya jira.

To ga lissafin yadda ya tsaya a wurina. A ɓangaren hasara: raguna uku, waɗanda na ga irinsu a babbar sallar shekarar an saye su ninki biyu. Buhun wake biyu, da muka ji rashinsu sosai kafin kaka. Sai Inna, wadda ta rasu saura wata biyar jikarta ta dawo, wannan kuwa ba ni da abin da zan auna shi da shi. Akwai kuma kunyar nan ta ƴar fari, ta tafi ba ta dawo ba, har yau wasu dattawan unguwa na ganin na yi sakaci.

A ɓangaren riba: ta tafi, ta gama, ta dawo. Yanzu ita ke zagaya rugage daga Korahane har Tagris da akwatin allura, kuma bara ita ta tsayar da ciwon da ya shiga garken Agali, ya zo har gida da tunkiya yana cewa ashe rabin makin ya nuna. Shekaranjiya ta shigo ta duba wani sa da na saya ina taƙama da shi, ta buɗe bakinsa, ta taɓa wuyansa, ta dube ni ido cikin ido ta yi mini bayanin abin da ban gani ba. Na duba agogo a ɓoye. Minti huɗu ta yi ba ta tsaya ba, kuma ita ke da gaskiya.

Na sha sayen abu da tsada in yi da na sani. Wannan rabin makin shi ne mafi tsadar abin da na taɓa saye, kuma da za a sake kawo shi kasuwa, ba zan nemi ragi ba.